Shekara Biyu Babu Asabar

Tsoro ne ya kai ni karatun digiri na biyu a fannin gudanar da kasuwanci, wanda kowa ke kira MBA. A watan Yulin 2004 Gwamnan Babban Bankin Najeriya, Farfesa Charles Soludo, ya sanar cewa duk bankin da ke son ci gaba da aiki sai ya ɗaga jarinsa daga naira biliyan 2 zuwa biliyan 25 kafin ƙarshen Disambar 2005. Bankuna 89 ne a ƙasar lokacin, da wa'adi ya cika kuma saura 25. Mu da muke cikin harkar mun san abin da haɗewar banki biyu ke jawowa: reshe biyu a titi ɗaya, manaja biyu, kujera kuma guda. Sai kowa ya shiga neman takardar da za ta ɗaga shi sama da na kusa da shi ranar da za a zauna tankaɗe da rairaya. Ni ma na sayi fom a wata jami'a ta nan Kano, na shiga ajin ƙarshen mako a ƙarshen 2005.

Ranar farko na tarar da ajin ya fi ƙarfin kujerunsa. Ma'aikatan banki ne suka fi yawa, ana gane su da kwat da laktaye a cikin zafin nan. Akwai ma'aikatan gwamnati masu hangen kujerar darakta, da jami'an kwastan, da injiniyoyin masaƙun Sharaɗa da Bompai da Chalawa waɗanda suka soma jin ƙasa na girgiza a ƙarƙashinsu, da samarin kamfanonin wayar salula da suka shigo tun 2001. Wasu daga Katsina suke tasowa, wasu daga Dutse ko Haɗeja ko Gusau, su kwana biyu a gidan ɗan'uwa, su juya ranar Lahadi da yamma don su kama ofis da safiyar Litinin.

Tsarin karatun shi ne Juma'a daga bayan la'asar zuwa isha, Asabar daga takwas na safe zuwa magariba, Lahadi zuwa azahar. Darussa bakwai a zango guda: lissafin kuɗi, sarrafa dukiyar kamfani, tallata haja, ƙididdiga, dokar kasuwanci, tafiyar da ma'aikata, tattalin arziki. Kowane malami yana ba da jinga kamar darasinsa kaɗai muke yi. Juma'a ce ta fi ba ni wahala, domin banki yana rufe ƙofa ga jama'a amma ma'aikaci ba ya tashi sai lissafin ranar ya daidaita, ko da naira goma ce ta ɓata sai an nemo inda ta shiga. Ina fitowa sai in bar motata a wurin, in tsayar da ɗan acaɓa, lokacin ba a hana su aiki a Kano ba, mu ratsa cunkoso in isa aji ina haki, malami ya riga ya cika rabin allo.

Littattafan kuwa tsada gare su, samunsu ma aiki ne. Littafin Philip Kotler na tallata haja mutum ɗaya ne yake da shi a ajinmu, kuma daga wannan kwafin ɗaya aka yi ta bugawa a shagon fotokwafi har shafukan na ƙarshe suka dishe, sai ka kai takarda kusa da fitila kafin ka gane lambobin da ke cikin jadawali. In ana son wani abu daga intanet sai a je shago a biya kuɗin kwana, a zauna ana jiran shafi ɗaya ya buɗe kamar ana jiran ruwa ya taru a rijiyar rani. Dare kuwa in an ɗauke wuta, fitila mai caji ce da kalkuleta, da sauro.

Amma duk wannan wahalar jiki ce, tana wucewa da barci. Abin da ya fi nauyi shi ne Asabar. Duk wanda ya san garinmu ya san Asabar ba ta mai ita ba ce. Ranar ɗaurin aure ce, ranar suna, ranar zuwa gaisuwar mutuwa a unguwa mai nisa, ranar dubiya a asibiti, ranar da ake kai yara gidan kakanni. Shekara biyu na janye jikina daga duk wannan. An ɗaura auren ƙanin matata ina cikin ɗakin jarrabawar ƙididdiga. An yi rasuwa a dangin mahaifina a Bichi, sai ranar Talata da dare na samu zuwa, bayan an watse daga zaman makoki. Ba wanda ya ce mini uffan, sai dai na ga yadda aka amsa gaisuwata. Wata Lahadi da yamma na leƙa gida, Inna tana zaune a kan tabarma tana gyaran zogale, ko ɗaga kai ba ta yi ba ta ce, "Wai kai karatun nan naka ba shi da ranar sauka ne?" Na ce saura shekara ɗaya, Inna. Ta ce, "Allah ya nuna mana. Yaran dai ba za su jira ka ba, girma suke yi." Har yau ina jin maganar nan. Mai ɗakina ce ta riƙe gidan duk tsawon lokacin, ita ke zuwa makarantar yara, ita ke wakiltata a wurin biki da jaje, ita ke hana su shiga ɗakin da nake karatu. Sunana kaɗai aka rubuta a takardar shaidar, alhali mu biyu muka biya kuɗinta.

Matan ajinmu kuwa nasu nauyin ya ninka namu. Akwai wata Hajiya, ma'aikaciyar asibiti, da ta shigo karatun da goyon wata huɗu. Ƙanwarta ce ke zama da jaririn a gindin wata darbejiya a bayan ajin, a kan darduma, da filas ɗin ruwan zafi da 'yar jaka. In kukan ya yi yawa sai yarinyar ta zo ta tsaya a bakin taga ba ta ce komai ba. Hajiya ta rufe littafi, ta sunkuya ta fita, ta ba shi nono, ta dawo bayan minti goma sha biyar ta ja littafin na kusa da ita ta kwafe abin da ya wuce ta. Haka ta yi zango biyu cur. Ban taɓa jin ta nemi a ɗaga mata ranar miƙa jinga ba.

Cikin malamanmu akwai wani dattijo da ya canja mini fahimtar abin da na zo yi. Shi ba ya dogon bayani a allo. Yakan raba mana labarin wani kamfani da ya shiga tsaka mai wuya, shafi goma ko sha biyar, da lissafinsa a baya, ya ce mu je mu karanta mu zo da shawara. Kes muke kiran irin wannan takarda. Shi ya gaya mana cewa hanyar daga makarantar kasuwanci ta Harvard ta Amurka ta fito, wadda aka kafa a 1908, kuma kes ɗin farko da aka rubuta a can a 1921 shafi ɗaya ne tak, a kan wani kamfanin takalma. Ya ce ɗalibin can yana karanta kusan kes 500 a shekara biyu, a aji mai mutum wajen casa'in, kuma a darussa da yawa rabin makinsa daga bakinsa yake fitowa, wato daga abin da ya faɗa a gaban jama'a lokacin da malami ya kira sunansa ba shiri. Sai ya ce, "Su karatu ne aikinsu dare da rana. Ku kuwa kuna da ofis da iyali, don haka ba zan ba ku 500 ba. Amma ɗan abin da zan ba ku, ba wanda zai ɓuya a bayan wani."

Ya raba mu rukuni-rukuni. Namu mutum shida ne: ni, da Hajiya mai goyo, da wani injiniyan masaƙa, da jami'in kwastan mai zuwa daga Katsina, da wani saurayi ɗan Sabon Gari mai aiki a kamfanin waya, wanda lissafi ke bin hannunsa kamar ruwa, sai wani Alhaji ɗan Kantin Kwari. Alhaji ya yi digirinsa na farko tun da daɗewa, ya koma ya karɓi shagon mahaifinsa na atamfa da shadda. A soron gidansa muke haɗuwa daren Alhamis, saboda yana da janareto, kuma akwai mai shayi a ƙofar gidan. Hajiya takan zo da mijinta, ya zauna a waje suna hira da mai shayi har mu gama.

Dare ɗaya nake son in tsaya a kansa. Kes ɗin na wani kamfani ne da cinikinsa ke ƙaruwa kowace shekara, amma kullum aljihunsa a bushe, har albashi yana gagararsa. Da muka duba lissafin sai muka ga kuɗin duk yana hannun masu karɓar kaya bashi. Maganin da littafi ya koya mana a fili yake: a matse su, kowa ya biya cikin kwana talatin, wanda ya saɓa a daina ba shi. Muka amince, ɗan Sabon Gari har ya fara rubutawa. Alhaji ya ajiye kofin shayinsa ya ce, "Malamai, kamfanin nan zai karɓo kuɗinsa, amma zai wayi gari ba shi da kowa." Sai ya ba mu labarin yadda yake ba mutanen Maraɗi da Damagaram da Agadas kaya tun kafin azumi, ba su biya sai bayan salla, wasu ma sai bayan babbar salla. Babu takardar yarjejeniya, sai wani dogon littafi da mahaifinsa ya fara rubutu a ciki. Ya san uban kowa, ya san wanda ya gabatar da shi, ya san wanda in ya makara to lalura ce. "Ranar da na ce wa mutumin da ya yi shekara ashirin yana sauka a shagonmu ya biya cikin kwana talatin, shagon da ke kusa da nawa zai koma, kuma ba shi kaɗai zai tafi ba, da mutanen garinsu zai tafi."

Ɗan Sabon Gari bai yi gardama ba. Hausarsa ta Kano ce tsantsa. Ya ce, "Alhaji, na yarda. Amma nawa ne kuɗinka a waje yanzu?" Alhaji ya faɗa. "Wata nawa suke yi a can?" Ya faɗa. "Kuma kai da kanka kana karɓar kaya bashi daga masu kawowa, a farashin da ya fi na mai biya nan take?" Alhaji ya ce haka ne. Yaron ya danna kalkuleta, ya juyo da ita. Abin da jiran nan ke cin Alhaji a shekara ya kusa kai kuɗin hayar shagonsa sau biyu. Alhaji ya daɗe yana kallon lambar. Ya ce shekara goma sha biyar yana wannan sana'a, bai taɓa sanin haƙurinsa yana da farashi ba. Ni kuma, da na yi shekaru ina ba da rance a banki da tarin takardu da jingina, ban taɓa tunanin amana jari ce da ake iya asararta ba. Har ƙarfe ɗayan dare muna soron nan muna neman matsaya: wa za a ci gaba da ɗaga wa ƙafa, wa za a rage wa farashi in ya biya da wuri, wa za a sallama.

Ranar Asabar malam ya shigo, ya dubi ajin, ya ce, "Hajiya, ke ce mai kamfanin nan. Jibi Litinin da safe me za ki yi?" Ta miƙe, da zanen goyo a kafaɗarta, ta yi magana ta minti biyar ba ta dubi takarda ba. Ya yi ta jefo mata tambaya, tana karewa, in ta kakare ɗayanmu ya ɗaga hannu ya tallafa. Da na waiwaya yanzu, na manta yawancin ƙa'idojin da na haddace don jarrabawa. Wannan daren da wannan safiyar kuwa suna nan daram, kuma da su na yi aiki sauran shekarun da na yi a banki.

Tun daga lokacin abubuwa sun canja ƙwarai. A zamaninmu in ana maganar makarantar kasuwanci ta musamman a ƙasar nan, ta Legas ake nufi, wadda aka kafa a 1991, kuma kuɗinta ya fi ƙarfin irinmu. Yau Jami'ar Bayero tana da makarantar kasuwanci mai ɗauke da sunan Ɗangote, da ginin da aka buɗe a 2018. Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya tana ba da MBA ta hanyar karatu daga nesa, haka ma Buɗaɗɗiyar Jami'a ta Ƙasa. Annobar korona ta 2020 ta koya wa malamai da ɗalibai yin lacca ta Zoom, cire tallafin mai a Mayun 2023 kuma ya sa tafiyar mako-mako daga Gusau ko Haɗeja ta zama abin da albashi ba zai ɗauka ba. Karatun ya tashi daga aji ya koma cikin waya.

Na ga haka da idona a bara, lokacin da 'yar ƙanwata ta zo ta yi wata guda a gidana, mijinta ya yi tafiya. Tana aiki a banki ita ma, kuma abin da ya kai ni shi ya kai ta, domin a Maris na 2024 Babban Banki ya sake ɗaga jarin da ake bukata, har naira biliyan 500 ga manyan bankuna masu hulɗa da ƙasashen waje. MBA ɗinta duk ta intanet ne. Da dare sai in gan ta a kicin da abin saurare a kunne, waya a jingine da gwangwanin madara, malami yana magana daga wani gari, ita kuma tana juya miya. Littafin da muka yi ta bugawa har ya dishe yana cikin kwamfutarta tare da wasu ɗari. Lissafin da ya ci mana dare, manhaja tana yi mata shi kafin shayi ya huce. Tun da ChatGPT ya fito a ƙarshen 2022, kes mai shafi ashirin ma ana iya taƙaita mata shi a layi goma.

Na yi mata murna, kuma da gaske nake. Da irin tsarinmu ne da ba ta yi karatun ba sam, ga aiki, ga yara biyu, ga tsadar hanya. Ba za ta ajiye jariri a gindin darbejiya ba. Asabar ɗinta tana hannunta, ta je bikin ƙawarta, ta je gaishe da Inna, abin da ni na kasa.

Sai dai da na ƙara lura, na ga karatun nata ba shi da ƙofar da ake rufewa. Namu yana da ranakunsa. In na fito aji ranar Lahadi da azahar na san na fito. Nata yana biye da ita ko'ina. A wurin bikin ma tana duba waya, saboda rukuninsu na WhatsApp ya tara saƙo ɗari biyu. Jinga ana rufe karɓarta ƙarfe goma sha biyu saura minti ɗaya na dare, don haka sha ɗaya da rabi za ka same ta a falo, ido ya yi ja, tana addu'ar kada sabis ya yanke. Ta idar da sallar asuba, hannunta na kan waya. Gajiyar da nake gani a fuskarta ba ta gaza tawa ta wancan lokaci ba, kuma ita ba wanda ya san tana ɗauke da kaya, balle ya ce mata sannu, tunda kowa yana ganinta a gida.

Na tambaye ta su wane ne 'yan rukuninsu. Ta ce, "Wallahi Kawu ban san fuskarsu ba. Kowa kashe kyamara yake yi saboda data. Raba aikin muke yi, kowa ya rubuta nasa ya turo, mutum ɗaya ya haɗa." Na ce to in kun saɓa fa? Ta ce ba sa saɓawa, ba a kai ga nan ba. Wannan amsar ta tsaya mini a rai kwana da kwanaki. Takardarta za ta fi tawa kyau, iliminta na littafi ya fi nawa faɗi, amma ba a taɓa tsayar da ita a gaban mutum casa'in, ko mutum shida, an ce ta yanke shawara ta kare ta ba. Ba wanda ya taɓa juyo mata da kalkuleta. Kuma daga cikin mu shida na soron nan, babu wanda ya aurar da 'ya ko ya yi rashi a shekarun nan ba mu hallara ba. Da masaƙar injiniyanmu ta rufe, jami'in kwastan ne ya haɗa shi da wanda ya ɗauke shi aiki. Ranar da Allah ya yi wa mijin Hajiya rasuwa, mu biyar muna sahun gaba.

Da lokacin rubuta kundin bincikenta ya zo, ta ce tana neman kamfanin da za ta yi nazari a kai, tana tunanin ɗauko bayanan wani daga intanet. Na ce ta shirya ranar Asabar. Muka shiga Kwari wajen sha ɗaya na safe, muna kauce wa 'yan dako da kurar kaya, har shagon Alhaji. Gemu ya yi fari, yaransa biyu ne ke tsaye a kan ciniki, akwai kwamfuta a kan tebur da na'urar karɓar kuɗi ta kati, amma dogon littafin yana nan a cikin durowa. Bayan gaisuwa ya sa aka kawo mata kujera da lemo, ya buɗe wani shafi ya tura mata.

Ya ce, "'Yata, ga wani mutumin Maraɗi. Tun zamanin mahaifina suke sauka a nan. Ya ɗauki kaya a 2023, sai aka yi juyin mulki a Nijar a watan Yuli, aka rufe iyaka. Wata takwas ba shi ba labarin kuɗi. Kafin a buɗe, naira ta faɗi, abin da ya biya ni bai sayo rabin kayan da ya ɗauka ba. Laifinsa ne? A'a. Na yi asara? Na yi. To jiya ya bugo waya, yana son kayan salla, ninkin na wancan karon. Ke ce mai shagon. Me zan ce masa?"

Ta kai hannu jaka wajen wayarta, sai ta fasa. Ta ja littafin kusa, ta bi layin da yatsa tun daga shekarun baya, tana motsa baki. Alhaji bai ce komai ba, ni ma haka. Can ta ɗago ta ce, "Baba, a ba shi. Amma rabi, kuma a yi lissafin da sefa." Alhaji ya gyara zama ya ce, "In ya ji haushin rabin fa, ya koma maƙwabta?" Ta buɗe baki za ta amsa sai ladan ya kira azahar. Ya ce ta riƙe amsar tata, in mun dawo daga masallaci za su ɗora.